Tambarin Doctor Who: komawa daimon ɗin 1973 kasawa ce ko dabara?

Nasiru: Jama'a, zan faɗi abin da na san zai sosa wa Yaya Habibu rai. Tambarin da BBC ta fitar wa shirinta na talabijin Doctor Who a Oktoban 2022, wanda ake ta cewa sabo, ba sabo ba ne. Tsohon tambarin 1973 mai siffar daimon suka ɗauko, suka kaɗe masa ƙura, suka shafa masa mai. Shirin da duk jarinsa canji ne, jarumin ma, wato Dakta, in mutuwa ta zo sai ya sake jiki ya sake fuska, wai shi ne ya koma shekara 49 baya neman tambari. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni dai na ce basira ce ta ƙare.

Habibu: Ƙanena, kai kallo kake yi, ni kuwa da buga riguna nake ci. Ɗauki tambarin 2018, na zamanin da Jodie Whittaker ke fitowa a Dakta. Haruffa ne sirara kamar zare, da wani siririn layi da ya ratsa su. A babban allo, ma sha Allahu. Amma rage shi ya koma girman farcen babban yatsa a fuskar waya, me ya saura? Na taɓa buga wa wani yaro shi a riga, wanki biyu layin nan ya tsittsinke. Daimon kuwa dunƙulalle ne: DOCTOR ya lanƙwasa a sama, WHO ya zauna daram a ƙasa da kaurinsa. Sa shi a kofi, a hula, a ɗan hoton da ake latsawa a manhaja, ko'ina yana tsayawa da ƙafarsa.

Zulai: Yaya Habibu, ban ƙi ta taka ba, amma a faɗi gaskiya. Da yawa cikin masu zagin tambarin 2018 ba haruffan ne suka dame su ba, mace ce aka ba Dakta karon farko. Haushin kaza aka huce a kan dami. Ni shi na fi so, shi kaɗai ne in ka kalla za ka ji kamar wani abu ne ya wuce a guje cikin sararin samaniya.

Habibu: Wannan kuma wata shari'ar ce. Ni ban zagi Jodie ba, sirantar harafi na zaga.

Malam Tukur: Assalamu alaikum. Nasiru, akwai gyara a maganarka. Kana magana kamar wannan ne karon farko da suka waiwaya. Fim ɗin 1996 da Paul McGann ya fito a ciki, tambarinsa daga na 1970 aka ɗauko, na farkon zamanin da Jon Pertwee ke Dakta, kuma ba wanda ya ce basira ta ƙare, har BBC ta yi shekaru tana manna shi a faifan tsofaffin shirye-shiryen. Shi daimon ɗin, Bernard Lodge ne ya zana shi, ya fara fitowa a Disambar 1973 a zangon Pertwee na ƙarshe, ya raka Tom Baker har 1980, lokacin da furodusa John Nathan-Turner ya zo ya sauya shi da mai kama da fitilun niyon na gaban otel. To ka ga shekarun da jama'ar Birtaniya suka fi tunawa da shirin, na Tom Baker mai dogon mayafin wuyan nan, a ƙarƙashin daimon aka yi su. Bikin cika shekara 60 aka zo yi a 2023. In ba a ɗauko kayan gado ranar biki ba, yaushe za a ɗauko?

Nasiru: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Na karɓi gyaran 1996. Amma a nan ɗin ne ma nake so mu tsaya. Da a ce kashi uku na bikin nan, waɗanda David Tennant da Catherine Tate suka dawo, su kaɗai aka manna wa daimon, wallahi da ban ce uffan ba. Sai aka wuce da shi zamanin sabon Dakta, Ncuti Gatwa. Kuma a duba: rana ɗaya aka bayyana tambarin nan da yarjejeniyar da ta ba Disney+, manhajar kallo ta Amurka, damar nuna shirin a wajen Birtaniya da Ayalan. Aka zo zangon 2024 aka ce sunansa zango na 1, don kada baƙo ya ji tsoron tarin shekaru. To ka ce wa baƙo shigo, yau aka fara, sannan ka kafa masa allon 1973 a ƙofa? Wa ake yi wa kwalliyar?

Malam Tukur: Baƙon ai bai san na 1973 ba ne. A idonsa sabo ne fil. Tsohon ɗan kallo kuma ya gani ya ji an tuna da shi. Kowa ya samu rabonsa.

Zulai: Ko kuma an tsorata tsofaffin za su gudu saboda kuɗin Amurka sun shigo, aka ba su alewa.

Nasiru: Yauwa Zulai, abin da nake ta kewaye-kewaye in faɗa ke nan. Jagoran shirin, Russell T Davies ɗin nan da ya dawo da daimon, shi ne fa a 2005 da ya farfaɗo da shirin bayan an dakatar da shi tun 1989 bai waiwayi komai ba. Ya kawo wani dogo mai ruwan lemo, aka yi ta masa dariya wai fitilar kan tasi ce. Da wannan tasin aka yi Dakta Eccleston, aka yi Dakta Tennant, shirin ya zama abin da muka sani. A lokacin bai ji tsoro ba.

Anti Rabi: Ku yara kun cika ni da saƙo, ina kicin. Shekarata nawa a Ingila, ban taɓa jin yaro ya gane shirin nan da rubutu ba. Shuɗin akwatin 'yan sanda suke ganewa, da kiɗan farko. Jikata ba ta iya karatu ba tukuna, amma in ta hango akwatin, wato TARDIS, a shago sai ta ja min hijabi. Har shari'a aka yi da 'yan sandan Landan a kan wa ke da siffar akwatin, BBC ta ci a 2002. Wannan shi ne tambarin. Sauran duk ɗaurin ɗankwali ne, kowace shekara da yayinta.

Habibu: Anti, shi ya sa na 2010 ya yi wayo, da suka harhaɗa D da W suka zama siffar akwatin.

Anti Rabi: To, shi ma ina yake yanzu?

Sani: Ni mutumin Jos bari in sa baki. Kashi tara na zamanin Patrick Troughton da suka ɓace wa BBC, a garinmu Philip Morris ya tsinto su a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin, aka sanar a 2013. Kuma kashin 2025 da labarinsa ya faru a shagon aski a Legas, Inua Ellams ne ya rubuta, haifaffen Jos. Saboda haka in rabon tambari ake yi, a sa mana dutsen Shere a tsakiya.

Zulai: Sani, Allah ya shirye ka.

Nasiru: Har yanzu dai ba wanda ya ba ni amsa. Kyan daimon a kofi daban, dalilin dawo da shi daban.

Habibu: Na ba ka, ba ka so ne. Shiri ya koma zama a waya, sai a nemi tambarin da waya ba ta cinyewa. Sun duba akwatinsu suka tarar suna da shi tun 1973. Gobe ka biyo shago, zan buga maka duka biyun a ƙyalle ɗaya, girman kwalin ashana, ka tsaya daga bakin ƙofa ka gaya min wanne ka iya karantawa.

Nasiru: Zan zo bayan La'asar. Amma ka haɗa da na tasin, uku za a buga.