Littattafan binciken kisa a ƙauyukan Birtaniya: ta ina za a fara?

Da aka tattauna kan littafin da ya dace sabon mai karatu ya fara da shi, yawancin masu magana sun tsaya kan marubuciya Caroline Graham. Littafi na farko a jerin littattafanta na babban sufeto Barnaby, The Killings at Badger's Drift, ya fito a 1987, daga jerin ne kuma aka yi shirin Midsomer Murders da tashar talabijin ta ITV ta fara nunawa a 1997. Sai dai an ja kunne: littattafan sun fi shirin ɗaci, kuma guda 7 ne kacal.

Wanda ba ya son wasa ya nemi Ann Cleeves. Tauraruwar wani jerin littattafanta, Sufeto Vera Stanhope, tana aiki a karkarar Northumberland, mace ce mai kaifin harshe da ba ta damu da kwalliya ba, amma takan zauna shan shayi da mutum har ya faɗi abin da ya ɓoye. Ni ma nan na karkata.

An fi daɗewa kan batun doka. A Ingila, mutuwar da ba a san dalilinta ba ana kai ta gaban jami'in binciken mutuwa, shi ke ba da umarnin a duba gawa. Shi ya sa labari kan fara da tsohuwar da kowa ya ce ajali ne, sai sakamakon likita ya tayar da ƙura. A Sikotlan kuwa ofishin mai gabatar da ƙara ke wannan aikin.

Wasu sun dage a bi kowane jerin littattafai daga farko, saboda rayuwar ɗan sandan tana sauyawa daga littafi zuwa littafi.