"Diffuser" na filashin kyamara: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Mai Hoto Fagge:
Salamu alaikum malamai. Abin nan da ake sa wa filashi a gaba don inuwa ta yi laushi, yaran da ke koyon ɗaukar hoto "difiza" suke ce masa, in ka tambaye su aikinta sai su ce rage haske take yi. Ina neman kalmar da sunan kansa zai nuna wa yaro aikin abin. An ba ni shawarar "matacin haske". Me kuka gani?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Mataci bai dace ba. Mataci yana tsare wani abu ne ya bar wani ya wuce, wannan kuwa aikin gilashin da ake ɗaurawa a bakin lens ne, irin mai rage hasken rana ko mai kashe ƙyallin ruwa. A bar masa sunansa. Ni "matausashin haske" nake gani, daga tausasa, tunda abin da ake nema ke nan: gefen inuwa ya yi laushi, goshi da kan hanci su daina sheƙi.

Hajiya Mai Kyamara:
Malam Habu, kalmar ta yi daɗi a baki, amma za ta yaudari yara. Ba robar ce ke tausasa haske ba, girman wurin da hasken ke fitowa ne, da kusancinsa da fuska. Bakin filashi bai kai tafin hannu ba. In ka kifa masa farar robar nan irin ta kamfanin Sto-Fen, girmansa bai ƙaru da komai ba, baje hasken kawai ta yi ta kowane ɓangare. A ɗaki mai farin silin da farin bango, hasken zai bugi silin ya dawo daga wuri mai faɗi, nan ne laushin ya samu. Ka fita da ita fili da daddare, ko ƙarƙashin rumfar biki mai tsawo, inuwa tana nan da kaifinta, ka yi asarar haske mataki ɗaya zuwa biyu (kowane mataki rabin hasken ne ke tafiya), batir kuma ya yi saurin mutuwa. In rumfar ja ce ko kore, launin zai sauko kan fuskar amarya da farar shaddar ango. To ina tausasawar?

Malam Habu:
Gaskiyarki Hajiya. Amma akwatin nan mai farin ƙyalle a gaba fa? Shi ai ko a fili yana tausasawa.

Hajiya Mai Kyamara:
Yana yi, in an matso da shi. Mai faɗin santimita 60 a nisan mita ɗaya daga fuska zai ba da laushi sosai, musamman a baƙar fata mai maiƙo ko gumi, inda tsirarar filashi ke barin farin tabo. Ka ja shi zuwa mita huɗu, ya koma ƙaramar fitila. Ƙarfin ma ya zube: duk ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa.

Ɗan Zinder:
Iyayen gida, ga tawa. Abin da duk kayan nan suka haɗu a kai shi ne bazawa. Daga baza, sunan kayan aiki zai zama "mabaji", don z tana komawa j in i ko e ta biyo, yadda muke cewa baje. Sai mu ce "mabajin haske". A nan wajenmu kalmar Faransanci ake ara, to wannan za ta yi mana duka.

Mai Hoto Fagge:
Mabaji ya zauna. Amma a wurin aiki in na ce wa yaro "miƙo mabaji", wanne zai ɗauko cikin jaka?

Malam Habu:
Sai a raba su. Mabajin haske ya zama sunan dangi. Robar da ake kifawa a kai, hular filashi. Mai ƙyalle, akwatin haske. Lema sunanta lema, dama haka ake ce mata. Ɗan farin katin da ake zarowa daga kan filashin Canon ko Godox, farin kati. Matausashi na janye shi.

Hajiya Mai Kyamara:
Na yarda. Abu ɗaya ku haɗa wa yara da sunan: in filashi na kan TTL, wato kyamara ce ke auna hasken da kanta, shi zai ƙara wa kansa ƙarfi bayan an sa hula, sai dai zai daɗe kafin ya sake cika. In da hannu ake saitawa, a buɗe ƙofar lens daga f/8 zuwa f/5.6, ko a ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, daga 200 zuwa 400, a ɗauka a duba, in bai isa ba a ƙara mataki. Kuma da hula a kai, a karkata kan filashin sama wajen digiri 45 zuwa 60, kada a saita shi tsaye cikin idon mutum.