Neman shawara: Xeon na kwance ko EPYC, wanne zan haɗa a gida?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku kafin in zuba kuɗina a rijiya. CCNP nake karantawa, wato kwas ɗin netwok na kamfanin Cisco, kuma laftof ɗina ta gaji. Da na kunna rauta shida ko bakwai a EVE-NG, manhajar kwaikwayon na'urorin netwok, sai ta kama nishi, fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Na leƙa AliExpress na ga furosesoshin saba na kwance sun faɗi warwas. Xeon E5-2680 v4 na Intel mai ƙwaya (core) 14 bai kai dala 30 ba, har na ga madabod mai cin guda biyu, ka ga ƙwaya 28 ke nan. Wani abokina kuma ya ce in bar wannan, in nemi EPYC 7551P na AMD mai ƙwaya 32. So nake in haɗa kwamfuta in bar ta a kunne dare da rana a ɗakina. A Kano nake, wutarmu ta inbata ce, batir biyu masu 200Ah da 'yar sola. Ina zan dosa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka ƙirga ƙwaya, ƙirga batir. Batir biyu na 200Ah wajen wat 4,800 na awa ɗaya suke ɗauka, kuma idan na ruwa ne rabi kawai za ka ci in kana so su yi ƙarko, wato 2,400. Shi 2680 v4 wat 120 aka rubuta masa. Guda biyu 240, ba a sa RAM da faifai da katin hoto ba. Idan ka matsa mata aiki za ta haura 300, ka ga ko awa takwas ba za ta kai ba, kuma a kan batiran nan fankar mutanen gida take. Ranar da Hajiya ta farka ƙarfe uku na dare cikin zafin Afrilu ta ji inbata na ƙara, kai da kanka za ka cire filogin.

Sannan aikinka ba ƙwaya yake ci ba kamar yadda yake cin RAM. Rautocin EVE-NG yawanci zaune suke suna jiran ka buga umarni, amma kowanne ya kama nasa rabon RAM ya riƙe. Furosesa ɗaya mai ƙwaya 14 da RAM 64GB zai kai ka inda kake so. Kuɗin furosesa na biyun ka mai da shi RAM.

Ɗan Gwale: Na gode Injiniya, wallahi ban yi lissafin batir ba sam. To madabod fa? Waɗannan X99 ɗin na Sin suna da aminci?

Baban Hanifa: Ni na ɗanɗana, bari in faɗa maka. Shekara biyu da suka wuce na sayi mafi arha da na gani, ba zan kira suna ba. A hoto ramin RAM huɗu ne, na ɗauka hanyar da RAM ke bi zuwa furosesa huɗu ce kamar yadda Xeon ɗin yake iyawa. Ashe hanya biyu kawai aka ja musu, rabin gudun ya tafi a banza. Da zafi ya shigo kuma sai ta riƙa mutuwa da kanta idan na sa ta aiki mai nauyi. Na canja man da ake shafa wa furosesa don sanyaya shi, na canja fanka, shiru. Daga baya na gano 'yan ƙananan na'urorin da ke gefen soket, masu ba furosesa wuta, su ne suke ɗaukar zafi har ba a iya taɓawa. Sai da na ɗaura musu ƙaramar fanka da waya kafin ta natsu.

Ba duka ne haka ba. Manyan na kamfanonin Huananzhi da Machinist akwai masu hanya huɗu na gaske da ƙarfen sanyaya mai kauri, mutane na amfani da su lafiya. Amma ka sani sunan X99 ɗin ado ne kawai a kan yawancinsu: cifset ɗin da ke ciki, wato cif ɗin da ke haɗa sassan madabod, cirowa aka yi daga tsofaffin madabod, wani B85, wani H81, wani C612. Ka karanta bayanin da kyau, ka duba hotunan da masu saye suka ɗora, ba na mai shago ba.

Injiniya: Ni da za ka ji tawa, ka bar haɗe-haɗen nan, ka nemi haɗaɗɗiyar kwamfuta, HP Z440 ko Dell Precision T5810 ta kwance. Soket ɗinsu ɗaya da wanda kake nema, LGA 2011-3, cifset C612 na asali, ramin RAM takwas, ga akwati, ga fawa fak da aka yi don aikin ofis na yini guda. Ana kawo su Computer Village a Ikeja, kuma 'yan kasuwar nan Kano za su iya sa a ɗoro maka. Yawanci da ƙaramin Xeon mai ƙwaya huɗu ko shida suke zuwa. Ka sabunta bayos, manhajar madabod mai tayar da kwamfuta, tun tsohon furosesan yana ciki, don na farkon fitowa ba sa gane v4, sannan ka cire ka sa naka. Aibinsu ɗaya, fawa fak ɗin nasu ne na kansu, ba ya shiga da na kasuwa. Z440 tana zuwa da mai wat 525 ko mai 700. Idan kana da niyyar babban katin hoto nan gaba, mai 700 za ka nema.

Maman Ilham: Ƙarin abu biyu da ke kama sababbi. Xeon E5 ba shi da hoto a cikinsa, in ba ka sa katin hoto ba baƙin allo za ka gani, ko ƙaramin na kwance ya isa. Na biyu, kar ka rikita v2 da v4. Masu v2 na soket 2011 ne da DDR3, masu v3 da v4 na 2011-3 ne da DDR4, sun yi kama a ido amma ba sa shiga gidan juna. RAM kuma ka sayi na saba, wanda aka rubuta wa "ECC Registered", iri ɗaya guda huɗu, 16GB kowanne. Kar ka gauraya shi da na kwamfutar tebur, ba za ta tashi ba.

Na Sabon Gari: Ni dai ban gane wahalar nan ba. Furosesan 2016 fa ake magana. Ryzen 5 5600 mai ƙwaya shida zai bar shi a baya a gem da yawancin aikin yau da kullum, ga shi wat 65. Windows 11 ma ba ta san da zaman E5 ba, Windows 10 kuma an daina tallafa mata tun Oktoban 2025.

Maman Ilham: Gaskiyarka idan gem zai buga. Shi kuwa Proxmox, manhajar gudanar da saba, ko EVE-NG zai ɗora kai tsaye, ina ruwansa da Windows? Abin da yake saye shi ne wurin zuba RAM mai yawa, kuma Z440 tana ɗaukar har 128GB.

Dattijo: Tunda ba wanda ya taɓo EPYC, bari in ce wani abu. 7551P na 2017 ne, wat 180, kuma arhar tasa tarko ce. Madabod ɗin da yake hawa, irin su Supermicro H11SSL, ya ninka kuɗin furosesan sau da yawa, fankar soket SP3 daban take, kuma hanyar RAM takwas gare shi, in ba ka cika su ba ka sayi doki ka ɗaure masa ƙafa. Ga wata kuma: EPYC ɗin da ya taɓa aiki a sabar Dell ko Lenovo yakan kulle kansa da kamfanin har abada, ba zai tashi a madabod ɗin wani kamfani ba. Dole mai sayarwa ya rubuta maka cewa ba a kulle yake ba. Wanda ke buƙatar layin PCIe 128, wato hanyoyin jona katuna da faifai masu yawa, shi ya dace da shi. Kai ɗana ba ka kai nan ba tukuna. Kuma duk wadda ka saya, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka riƙa hure mata ƙura duk wata idan hunturu ya kama.

Ɗan Gwale: Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma Baba. Na janye daga mai furosesa biyu da EPYC ɗin. Zan sa a nemo min Z440, in yi odar 2680 v4 ɗaya da RAM 64GB. Batun barin ta a kunne kuma na fasa, sai da rana idan sola ta kawo. Injiniya, idan ta iso zan kawo maka ita shago mu yi bayos ɗin tare, ina tsoron wuta ta ɗauke ina tsakiyar yi.

Injiniya: Kawo ta ranar Asabar bayan la'asar. Ka taho da filashi da man furosesa.