Neman kalma: me za a kira "spurge" da Hausa? Gobe da safe nake ɗaukar shiri

Mai Shirin Manoma: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 7 na safe za mu ɗauki shirin manoma, ga takardar malamin gona da Turanci a hannuna, kan ƙananan ciyayin nan masu farin ruwa da ke cin fangalin albasa da gonar wake. Duk na fassara sai kalma ɗaya, "spurge". Ya lissafa iri huɗu: Euphorbia hirta, prostrata, thymifolia da heterophylla. Ta farko na san nonon kurciya ce. Sauran ukun fa? Wane suna ne kuma zai haɗe su duka? A taimaka kafin dare ya yi nisa.

Ɗan Fadama: Malama, ki ce nonon kurciya kawai. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gane.

Mai Shirin Manoma: To ai maganar takardar ita ce yadda za a bambance su. In na kira huɗun da suna ɗaya, me ya rage na faɗa?

Mai Ƙamus: A dakata. Ba a fassara kalma sai an bi tushenta. Turawan Ingila sun aro ta ne daga tsohon Faransanci, ma'anarta wanke ciki, don da can da ita suke kasaye. Saboda haka ina ba da shawarar WANKAU, a kan ma'aunin mantau da makarau. Gajeriya ce, Bahaushiya ce, ba mu ci bashin kowa ba.

Malamar Tsirrai: Ranka ya daɗe, a rediyo fa za a faɗa. Ka sa wa ciyawa suna wankau, ka bayyana cewa wanke ciki take yi, jibi wani ya cika tukunya da ita. Wasu daga cikin danginta guba ne. Tinya ma a gidan take.

Mai Ƙamus: Wannan matsalar mai saurare ce. Kalmar ba ta da laifi.

Ɗan Samaru: Me zai hana yufobiya? Ɗalibai dai da sunan kimiyya suke karatu, kuma mun karɓi tumatir da karas ba wanda ya mutu.

Mai Ƙamus: Ga irinta nan! Kullum sai a ɗauko ta Bature a sa mata hula a ce Hausa ce. Tun 1916 Dalziel ya cika littafi guda da sunayen tsirrai na Hausa, daga bakin kakanninmu ya ji su. Yau jikokinsu ne ke bara.

Ɗan Samaru: Sunan yufobiya ma daga Afirka ya samo asali, Malam. Na likitan Sarki Juba na biyu ne, wanda ya yi mulki a Arewacin Afirka. Masanin tsirrai Linnaeus ya tabbatar da shi a 1753.

Mai Ƙamus: Likitan Bagirke ne. Zauna.

'Yar Maraɗi: Mu nan abin da munka sani aguwa, wadda ake shinge da ita. Tunda gida guda suke, a ce dangin aguwa.

Ɗan Fadama: Aliyara kike nufi, Hajiya.

'Yar Maraɗi: Aguwa nake nufi. Ko sai abin da ya bi ta bakinku ke zama Hausa? Duk sanda aka zo neman kalma, namu sai ya koma "karin harshe", naku ya zama "daidaitacciya".

Ɗan Fadama: Wallahi ban ce haka ba, Allah ya huci zuciyarki. Amma aguwa tana fin mutum tsayi. Ki ce wa manomi ya duba dangin aguwa a fangali, sama zai ɗaga kai, alhali abin yana ƙarƙashin takalminsa.

Baba Mai Albasa: 'Ya'yana, jikana ne ke karanta min, ku bar ni in sa baki. Mu ba da suna muke fara gane ta ba. Tsinke kara ka duba. In farin ruwa ya tsatso kamar nono, yana danƙo a yatsa, ita ce. In ruwan garai-garai ne, ganyen da kauri da santsi, furen rawaya, wannan harshen saniya ne, har ci ake yi. Sau da yawa a fangali ɗaya suke kwance, sun sarƙe da juna. Geron tsuntsaye kuma ba shi da nono, 'ya'yansa a jere suke ƙarƙashin ganye. Wata shekara ina cira da rana tsaka, na share gumi da bayan hannu, ruwan ya shiga idona. Sai da na ƙarar da buta biyu, na wuni ido ja kamar garwashi. Malama, ko wane suna kika zaɓa, ki faɗa musu wannan.

Mai Shirin Manoma: Allah ya ƙara girma, Baba. Da shi zan buɗe shirin ma.

Ɗan Samaru: Sai dai a kula, tumfafiya ma tana da nono, kuma ba danginsu ba ce. Don haka "masu nono" kaɗai ba zai wadatar ba.

Malamar Tsirrai: Gaskiya ne. Bari in taimaka da bambancin, wataƙila sunayen su fito daga nan. Hirta, wato nonon kurciyar da kowa ya sani, gashi gare ta a kara, tana ɗan ɗagowa daga ƙasa, ganye biyu-biyu suna kallon juna, bakinsu da ƙananan haƙora kamar zarto, furen kuma dunƙule yake a hammatar ganye. Heterophylla miƙewa take tsaye, tana wuce gwiwa, cikin karanta rami ne, kuma a jikin tushe ɗaya sai ka ga ganye iri-iri, wani siriri wani mai faɗi. Asalinta daga nahiyar Amurka take, ita ce mai wahalar da masu wake da waken suya. Rigimar tana wajen prostrata da thymifolia. Dukansu shimfiɗe suke a ƙasa kamar tabarma, kara ja-ja, ganyen bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Sai ka samu ƙwanson ɗan, mai kusurwa uku, girmansa bai wuce ƙwayar gero ba. Na prostrata yana leƙowa waje a kan ɗan sanda, gashinsa a kan kusurwoyi kawai. Na thymifolia a lafe yake, bai gama fitowa daga kofinsa ba, gashi kwance ya rufe shi ko'ina. Ni kaina sai na jawo hoton da kyamarar waya nake rabewa, wani lokacin ma sai na sake.

Ɗan Fadama: To manomin da ke cira a durƙushe, wa zai tsaya ƙirga gashin ƙwayar gero? Fartanya ɗaya ce maganinsu.

Malamar Tsirrai: A rediyo na yarda. A aji ban yarda ba.

Mai Ƙamus: Kun gani? Da kun karɓi wankau da tuni an gama: wankau mai gashi, wankau kwance, wankau tsaye.

'Yar Maraɗi: Malam, a wurinmu wankau sai a ɗauka mai wanki da guga ake kira.

Mai Shirin Manoma: Jama'a, sha ɗaya ta wuce. Ga abin da zan faɗa gobe. Sunan gama-gari: dangin nonon kurciya. Hirta: nonon kurciya mai gashi. Prostrata da thymifolia zan haɗe su, nonon kurciya mai shimfiɗa, in ce iri biyu ne masu kama da juna. Heterophylla: doguwar nonon kurciya.

Mai Ƙamus: Dogon. Nono namiji ne.

Ɗan Fadama: Ciyawa mace ce, kuma duk daren nan "ita" muke cewa, har da kai.

Mai Shirin Manoma: Nonon kurciya mai tsayi. Shi ke nan, ba na kowa ba.

Ɗan Samaru: Ya yi wa shiri. Amma ranar da aka zo rubuta littafin makaranta, tinya da aguwa da fid-da-sartse ba za su shiga ƙarƙashin kurciya ba, jinsin nan ya kai iri 2,000. Za ku dawo kan yufobiya.

Malamar Tsirrai: Kuma thymifolia har yanzu ba ta da sunan kanta.

Mai Ƙamus: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. Ku je, na ji. Ni dai na riga na shigar da wankau a kundina, shafin W.