Tallafin abinci na SNAP ga ɗaliban jami'a marasa ƙarfi a Amurka

Abin da masu taimaka wa ɗalibai suka fi nanatawa shi ne, rashin kuɗi kaɗai bai isa ba. Ɗalibi mai shekara 18 zuwa 49 da ke ɗaukar aƙalla rabin darussan zango sai ya cika wani sharaɗi, kamar aikin awa 20 a mako, ko aikin albashi na ɗalibai da gwamnati ke biya, ko renon yaro ƙasa da shekara 6.

Wanda bai kai 22 ba kuma yana gidan iyayensa, tare da su zai nema.

Inda da yawa ke faɗuwa, abin takaici, shi ne hirar tantancewa da ofishin SNAP ke yi wa mai nema: waya ta yi ƙara, ɗalibi yana aji, in bai sake sa rana ba sai a rufe takardarsa. A kira ofishin a sake sa rana. A tanadi shaidar albashi da ta haya tun farko. Amsa kan zo cikin kwana 30, ko 7 ga wanda ke cikin matsi sosai.