Neman kalma: me za mu ce da "music video"?

Ummi Mai Shiri:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Agaji nake nema kafin Juma'a, don ranar za mu naɗi shiri a rediyo. Shirin kan yadda waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka suka shiga talabijin ne, tun daga shirin mawaƙi Nat King Cole da tashar NBC ta fara a 1956, shirin da ya mutu a 1957 saboda manyan kamfanoni sun ƙi ɗaukar nauyinsa, har zuwa bikin mawaƙa na yanzu na BET, tashar talabijin ta baƙaƙen fatar Amurka. Komai na tafiya daidai sai da na iso 1983. A shekarar Michael Jackson ya fito da waƙar Billie Jean a talabijin ta fuska biyu. A watan Maris MTV, tashar talabijin ta waƙoƙi, ta fara saka wanda darakta ya tsara, wannan da yake taka daɓe yana kawo wuta. A watan Mayu kuma NBC ta nuna bikin cikar kamfanin waƙa na Motown shekara 25, inda ya hau dandamali ya yi rawar nan ta zamewa da baya. Na farkon shi ne "music video". Na biyun ba shi ba ne. To in na ce "bidiyon waƙa", mai sauraro zai ɗauka duka biyun nake nufi, tunda mu duk abin da ya motsa a waya bidiyo ne.

Kuma labarin a kan wannan bambancin ya rataya. Mawaƙa baƙaƙe sun daɗe suna hawa dandamali a talabijin. Don Cornelius ya fara shirin kiɗa na Soul Train a Chicago a 1970, a 1971 ya karaɗe Amurka. Ƙofar da aka rufe musu ita ce ta MTV, wadda aka buɗe a 1981 kuma a lokacin kusan ba ta saka komai sai tsararrun nan. Me zan kira su?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Fim ɗin waƙa. Shi ke nan.

Yaya Talatu:
A'a Abban Sadiq, in ka ce fim ɗin waƙa kowa fim ɗin Indiya zai tuna, ko namu na Kannywood mai waƙa biyar a ciki. Ni "waƙa mai hoto" na sani tun muna yara.

Abban Sadiq:
To "gajeren fim na waƙa". Shi kansa mai waƙar gajerun finafinai yake kiran nasa. Thriller da ta fito ƙarshen 1983 ta kusa minti 14, kuma John Landis, daraktan finafinai ne sosai, shi ya shirya ta.

Yaya Talatu:
Ita kaɗai ce dai. Sauran masu minti huɗu, mutum na tsaye jikin mota yana wurga hannu, su ma fim ne?

Na-Goje:
Ku ce gala mana. Ai 'yan masana'anta sun daɗe da raɗa wa abin suna.

Ummi Mai Shiri:
Rufa mini asiri Na-Goje. In na ce "galar Michael Jackson" a rediyo, gidan gala mutane za su hango, shugaban sashe kuma ba zai bari ta wuce ba.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Nijar ba mu da wannan wahala. Kilip muke cewa. Mawaƙi ya fitar da sabon kilip, kowa ya gane tsararre ne. In a dandamali ya yi kuma a ce konsar. Ku ara, ba za mu ce ku biya ba.

Malam Mai Ƙamus:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, raina bai yi daɗi ba. Fim, bidiyo, gala, kilip. Huɗu aka kawo, babu ɗiyar gida ko ɗaya. Wato mun gudu daga Ingila mun faɗa Faransa. Harshen da ya iya cewa jirgin sama, ya iya cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa, shi ne yau zai gaza a kan waƙar da ake kallo? Shawarata ita ce jigani. Ji da gani aka haɗa. Gajeriya ce, tana da daɗin faɗa, jam'inta jiganai. "MTV ta ƙi saka jiganan baƙaƙen fata." Ina aibin wannan? Malama Ummi, ku 'yan rediyo ku ke da wuƙa da nama. In kika faɗe ta sau uku a shiri ɗaya ta zauna.

Na-Goje:
Allah ya gafarta Malam, jigani kamar sunan maganin sanyi da ake tallarsa da lasifika a tasha.

Malam Mai Ƙamus:
Haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya ranar da aka haife ta.

Yaya Talatu:
Malam, ba dariya nake ba, tambaya ce. Wasan da ya yi a bikin Motown shi ma ai ana ji ana gani. Labaran ƙarfe tara ma ana ji ana gani. To jigani ta raba mana abin da Ummi ke son rabawa? Ni a ganina ta ma fi bidiyo faɗi.

Malam Mai Ƙamus:
Ma'ana amfani ne ke ba da ita, Hajiya. In an ce jigani tsararren ake nufi, tsararren za a fahimta. In kuma ba ta yi muku ba, akwai majigin waƙa. Majigi tsohuwar kalma ce, kakanninmu sun san ta.

Abban Sadiq:
Ranka ya daɗe, majigi fa daga Turanci ta zo. Sunan fitilar nan ce ta haska hoto a bango da Turawan mulki suka yi yawo da ita gari-gari. Tsufa kawai ta yi a hannunmu. Ƙamus ɗin da ke jikin sunanka ma Larabci ne, haka ita kanta "kalma".

Malam Mai Ƙamus:
Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Ba daidai yake da wanda yara suka tsinto jiya a Facebook ba.

Ɗan Damagaram:
Wato na Larabci ɗan gida, na Ingilishi mai furfura ɗan gida, namu na Faransanci ne kaɗai agola. Kullum haka kuke yi. In Kano ta ara sai a ce daidaitacciyar Hausa, in Zandar ko Maraɗi ta ara sai a ce gurɓata harshe.

Bawan Allah Basakkwace:
Faɗa musu dai. Mu ma haka muke fama. Sun ɗauki Hausar birni ɗaya sun ɗora a littafin makaranta, sauranmu mun koma masu karin harshe.

Na-Goje:
Ai ku in aka bar ku "waƙag gani" za ku ce.

Bawan Allah Basakkwace:
Kuma ta fi jigani ma'ana.

Ummi Mai Shiri:
Don Allah jama'a, Juma'a fa ba ta jira. Rigimar Kano da Sakkwato ta girme mu duka.

Sarkin Gambara:
Anti Ummi, bari in shigo ta wata ƙofa. Ina ganin ba bidiyon ne ke buƙatar sabon suna ba, ɗayan ne. Ki bar "bidiyon waƙa" a inda yake, tunda mawaƙanmu shi suke faɗa: na saki odiyo, bidiyo na nan tafe. Babu mawaƙin da zai ce ya saki bidiyo alhali wasan biki aka ɗauka da waya. Sai ki kira na bikin Motown "wasan dandamali". Kin raba su ke nan ba tare da kin ƙirƙiro komai ba.

Soul Train kuma ba bidiyo ba ne, ba kuma wasan dandamali zalla ba. Fili ne: mawaƙi ya zo ɗakin shiri, sau da yawa faifansa ake sakawa yana bi da baki, matasa su yi layi biyu, a riƙa ratsowa ta tsakiya ana nuna gwaninta. Masu rawar su ne rabin shirin. Haka aka yi ta yi har 2006. Ki ce "filin kiɗa da rawa".

Yaya Talatu:
Wannan ta shige ni. Amma ka ce "kai tsaye" mana maimakon dandamali?

Sarkin Gambara:
A'a Yaya. Bikin Motown a watan Maris aka naɗe shi, sai Mayu aka nuna. In Anti ta ce kai tsaye ta yi wa masu sauraro ƙarya.

Malam Mai Ƙamus:
Yaro, kai da sunanka Sarkin Gambara, ai kai ne hujjata. Wa ya ce wa rap gambara? Wani ne ya duba ya ga masu zuba magana da kiɗa da habaici muna da su tun tuni, ya ɗauko sunan ya ɗora, yau har gidajen rediyon ƙetare na cewa mawaƙin gambara. Da an bi ta taku da "raf" za mu riƙa cewa.

Sarkin Gambara:
Gaskiya ne Baba. Amma gambara da ma tana nan da ranta, aiki aka ƙara mata. Jigani kuwa daren jiya aka haife ta.

Malam Mai Ƙamus:
Ba daren jiya ba. Na daɗe ina amfani da ita a aji.

Na-Goje:
Ɗaliban da ke neman maki ai ko me ka ce za su rubuta.

Ummi Mai Shiri:
Tunda kuna nan, ga ta biyu. "Award show". Na rubuta "gasar mawaƙa", abokin aikina ya ce ba gasa ba ce.

Abban Sadiq:
Yana da gaskiya. A gasa a gabanka ake fafatawa. Nan kuwa an gama zaɓe tun kafin a kunna fitila, ambulan kawai ake buɗewa. "Bikin karrama mawaƙa." Abin da ake miƙawa kuma kambu ko lambar yabo.

Bawan Allah Basakkwace:
Kambu na 'yan dambe ne da 'yan kokawa.

Abban Sadiq:
'Yan ƙwallo sun ƙwace shi tuni, mawaƙa ma sun samu rabonsu.

Sarkin Gambara:
Bikin karramawa ya yi, amma Anti ki tabbata kin ce "da ake nunawa a talabijin", ko sau ɗaya ne. Don a tarihin nan nunawar ita ce abin faɗan, ba gunkin da ake ba mutum ba. A 1989 Grammy, babban bikin karrama mawaƙa na Amurka, ta fara ware wa gambara kambu. DJ Jazzy Jeff da Will Smith suka ci, amma suka ƙaurace wa bikin, saboda an ce ba za a nuna ba da kambun a talabijin ba. A lokacin kuwa MTV ɗin da ake zargi da wariya ta riga ta buɗe Yo! MTV Raps a 1988, kuma shirin ya karɓu ƙwarai. Shi ya sa bukukuwan da baƙaƙe suka kafa da kansu suke da nauyi: na Soul Train daga 1987, na BET daga 2001. Ita BET ɗin Robert Johnson ne ya kafa ta a 1980, ta ma riga MTV, kuma tana da filinta na bidiyo, Video Soul, wanda Donnie Simpson ya daɗe yana gabatarwa.

Abin haushin, BET ta zo ta yi wa 'yan Afirka irin abin da aka yi wa nata. Shekara da shekaru kambun Afirka ba a babban dandamali ake ba da shi ba. 2Face da D'banj a 2011, Wizkid da Sarkodie a 2012, Ice Prince na Jos a 2013, duk ba a cikin babban shirin daren suka karɓa ba. An yi ta ƙorafi, sai a 2018 Davido ya hau ya karɓa a gaban kowa.

Ummi Mai Shiri:
Wannan zai shiga shirin, Allah ya yi albarka ƙanina. Da ma ina da maganar David Bowie, mawaƙin Ingila, da ya titsiye ma'aikacin MTV a 1983 yana tambayarsa dalilin da ya sa ba sa saka baƙaƙe sai can tsakar dare, da kuma ƙorafin da mawaƙi Rick James ya yi a kan tashar. Yanzu na samu abin rufewa.

Hajiya Uwar Biyu:
Ban so tsoma baki ba, amma tun sama nake ganin "baƙaƙen fata", "baƙaƙe". 'Yata a Amurka take aure, kuma ni kalmar nan tana yi mini nauyi a rediyo. Me zai hana a ce Amurkawa 'yan asalin Afirka?

Abban Sadiq:
Hajiya, 'yan asalin Afirka zai haɗa har da surukinki da ya je jiya. Waɗannan kuwa jikokin bayin da aka kwashe ne, kiɗan nasu ne. Kuma harafin farko na BET ɗin ma "baƙi" yake nufi, su suka sa wa kansu.

Hajiya Uwar Biyu:
Su suka sa da harshensu. Mu a namu baƙi ya sha kaya: baƙin ciki, baƙin jini, baƙar aniya.

Malam Mai Ƙamus:
Ga inda ake buƙatar ƙirƙira. Ina da shawara a kan wannan ma.

Na-Goje:
Malam don girman Allah.

Ummi Mai Shiri:
To ga abin da zan kai ɗakin naɗi. Karon farko zan ce "tsararren bidiyon waƙa, wanda darakta ya shirya musamman", daga nan in ci gaba da "bidiyon waƙa" kawai. Na Motown "wasan dandamali". Soul Train "filin kiɗa da rawa". Grammy da BET "bikin karrama mawaƙa". Hajiya, zan buɗe da "Amurkawa baƙar fata, jikokin 'yan Afirka", amma ba zan iya jan wannan doguwar har minti talatin ba, dole in gajarta. Ɗan Damagaram, muna da masu sauraro a tsallaken iyaka, zan ce "ko kilip, in ji 'yan'uwanmu na Nijar" sau ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Sau ɗaya. To mun gode da sadaka.

Hajiya Uwar Biyu:
Ni dai ban gamsu ba, amma shirinki ne.

Malam Mai Ƙamus:
Wato kilip ta samu shiga, jigani ba ta samu ba. "Tsararren" dai Hausa ce, wannan na karɓa. Sauran kuma zan rubuto wa shirin wasiƙa, ina fata za a karanta ta yadda na rubuta.

Ummi Mai Shiri:
A turo Malam, amma kada ta wuce shafi ɗaya.

Bawan Allah Basakkwace:
Ƙarfe nawa ake saka shirin? Kuma har yanzu ba wanda ya ba ni amsa a kan kambu.