Neman kalma: na'urar gwajin DNA da ake ɗauka a akwati

'Yar Rediyo: Salamu alaikum. Jibi zan naɗi shirin ranar tarin fuka ta duniya, 24 ga Maris. Zan yi magana kan Truenat, na'urar da kamfanin Molbio na Indiya ya ƙera, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2020. Da batir take aiki, ana sa ta a akwati a kai ta ƙauye, ta duba kakin mutum ta gano DNA ɗin ƙwayar cutar cikin kimanin awa ɗaya. Damuwata ita ce, da na ce "gwajin DNA" a shirin baya, masu kira sun ɗauka maganar tantance uban yaro ake yi. Wata baiwar Allah ta ce mijinta ba zai bar ta ta je ba. Me zan kira DNA, me kuma zan kira na'urar?

Ɗan Lab: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki guji "ƙwayar halitta", don an riga an jibga mata ma'anoni da yawa. Ki kuma nanata cewa DNA ɗin ƙwayar cutar ake nema, ba na mutum ba. Na'urar tana kama ɗan guntunsa ne, ta yi ta zafafa shi tana hucewa, kowane zagaye ya ninka biyu. Zagaye 30 ya haura kwafi biliyan ɗaya. Shi ya sa take ganin abin da madubin likita ba ya gani sai ƙwayoyin sun kai dubbai. Ni "na'urar bin sawun cuta" zan ce.

Baba Malami: 'Yata, kalmar tana hannunmu tun tuni: TUFKAR GADO. Duk wanda ya ga hoton DNA ya ga sili biyu a murɗe, yadda ake tufka igiya. Shekara da shekaru ina koyar da ita a aji, yara na kamawa nan take. Na'urar kuma "mawarwarar tufka".

Ɗan Lab: Baba, siffar ta yi kyau ƙwarai, amma "gado" zai ɓata shirin. Mutane da yawa har gobe sun yarda tarin fuka gadonsa ake yi, alhali ta iska yake yaɗuwa. Ka ce "gado" a rediyo, ka ƙara musu hujja.

Baba Malami: To sai a yi bayani! Ku 'yan asibiti kun saba da haɗiye Turanci ɗanye. Kun ce "lab", kun ce "sampul", har sunanka ma ga shi nan. Harshen da ya samar da "jirgin sama" da "wayar tarho" ba zai gaza a kan haruffa uku ba.

Na Damagaram: Mu a nan ADN ake cewa, bin Faransanci. Kullum sai ku zauna a Kano ku yanke, sannan a ce Hausa ta yanke. Shirin nan ana jin sa a tsallaken iyaka fa.

Baba Malami: Wa ya ce maka ni Bakano ne? Kuma tufka ai har Damagaram ana yin ta.

Malama Mai Fassara: Baba, da girmanka, "na'ura" daga Larabci ta zo, "tarho" kuwa daga Turanci. Aro ba abin kunya ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne ba wanda ya taɓo batun ɗaukuwar na'urar, kuma nan ne labarin yake. GeneXpert, wata na'urar gwajin tarin fuka da aka amince da ita tun 2010, tana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi. Truenat kuwa tana jure zafi har digiri 40. A ƙara "tafi-da-gidanka", kowa ya san ta daga wayar salula.

'Yar Rediyo: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta: "na'urar tafi-da-gidanka mai bin sawun ƙwayar cuta". Zan ambaci DNA da ADN sau ɗaya, in ce abu ne mai kama da tufkar igiya da ke cikin ƙwayar cutar. Ban sa "gado" ba, Baba, ka yi haƙuri.

Baba Malami: Sunan ya yi tsawo, kuma har yanzu ba ku ba DNA suna ba, zagaye shi kawai kuka yi. Ki tafi da shi saboda lokaci. Ni dai a ajina tufkar gado ce.

Na Damagaram: Hajiya, ƙarfe nawa za a sa shirin?